Kowane Yanki da Wutarsa: Nasiha ga Matasa kan Girkin Nama

Nama ne ya fi komai tsada a cikin abin da ke shiga tukunyar gida, kuma shi ne ya fi saurin ɓaci a hannun wanda bai san halinsa ba. Amarya takan tashi tun da sassafe, ta daka citta da kanumfari da masoro, ta zuba kayan ɗanɗano har su fi kima, amma a zo ci a tarar naman yana gardama da haƙori. Saurayin da ya fara zaman kansa yakan sayo kilo guda ya watsa a mai mai zafi, ya kwashe shi baƙi a waje, jini-jini a ciki. Dukansu sun yi ƙoƙari. Abin da ya kuɓuce musu shi ne jikin dabba kashi-kashi ne, kowane yanki da irin wutar da yake so da tsawon lokacin da yake bukata. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu sun taso ne tsakanin makarantar kwana da ɗakin haya, ba su samu zama a gindin murhu sun ga yadda iyaye ke yi ba. Wannan ba abin zargi ba ne, don sanin yana nan, kuma ana koyonsa.

Aikin yana farawa ne daga teburin mahauci. Lafiyayyen nama yana da sheƙi, ba ya yauƙi, kuma idan aka danna shi da yatsa wurin yakan cike ya dawo. Wanda ya fara kore-kore a gefe ko yake tashin tsami ya wuce gyara, komai yawan yajin da za a zuba masa. A mafi yawan kasuwanninmu da asuba ake yanka, kuma naman yini yake a sarari cikin zafi da ƙuda, saboda haka sayen safe ya fi na yamma, ko da na yamman ya fi sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Dabbar da aka yi hanzarin sa mata wuƙa don ta kusa mutuwa, naman nata abin gudu ne. Wadda kuwa ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta dubura, ba a feɗe ta, ba a ma taɓa ta da hannu, sai a kira likitan dabbobi, domin alamar cutar antiras ke nan, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023, kuma tana kama mutane. Mai sayen ragon layya, Balami ne ko Uda ko 'Yankasa, yana da kyau ya tambayi mai kiwon ko an yi wa dabbar allura a 'yan kwanakin, don magani yana ɗaukar lokaci kafin ya bar jiki. Wani abu kuma da matasa ke jin nauyin yi shi ne gaya wa mahauci abin da za su dafa. Wanda ya ce farfesu zai yi, mahaucin kirki zai miƙo masa awaza da wuya. Wanda ya yi shiru, abin da ke kusa da wuƙa za a yankar masa.

Bayan yanka, tsokar dabba takan sandare cikin 'yan sa'o'i, daga baya ta fara saki a hankali. Naman da aka dafa yana tsakiyar wannan sandarewa shi ne mafi tauri. Dalilin ke nan da ya sa a gidaje da yawa ake rataye ragon layya a inuwa, inda iska ke ratsawa, a fara da kayan ciki a ranar farko, a bar yankan jikin sai washegari. Ratayar tana tsane jini, tana busar da bayan naman, kuma busasshen waje ba ya saurin karɓar ruɓa. Kuskuren da ake yawan gani shi ne a daddatsa naman da ɗuminsa a tula shi a baho ko a ƙulle shi a leda. Zafin jikin dabbar ba ya samun hanyar fita, sai na tsakiya ya fara wari kafin dare. Idan garin akwai zafi da laima sosai, gara a rarraba shi manya-manya a baza, a kuma fara sarrafa shi a ranar.

Hanyar gane wutar da yanki ke so mai sauƙi ce: a duba irin aikin da gaɓar ta yi lokacin da dabbar ke raye. Wuya da karfata da ƙirji da ƙwauri da wutsiya sun yi ta aiki, suna ɗauke da farar jijiya da tantani mai yawa. Gadon baya da tsakiyar cinya ba su sha wahala haka ba, tsokarsu mai laushi ce, jijiyarta kaɗan. Na farkon suna son wuta kaɗan da lokaci mai tsawo a cikin ruwa. Na biyun suna son wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci. Wanda ya juya su, ya gasa ƙwauri a garwashi ya kuma tafasa gadon baya sa'a biyu, ya yi asarar duka biyun. Shekarun dabbar ma suna da tasiri: tsohon sa ya fi ɗan maraƙi ɗanɗano, amma ya fi shi neman lokaci.

Dahuwar ruwa mai tsawo ita ce uwar girkin nama, kuma a nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Farar jijiyar nan da ke hana tauna tana ƙunshe da wani sinadari da ake kira kolajin. Idan ya daɗe a cikin zafi da danshi yakan narke ya koma danƙo, kuma wannan danƙon ne ke sa naman ya yi taushi, romon ya yi kauri har ya riƙa kama leɓe. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar sa ya kwana a lokacin sanyi ya daskare ya ga aikin wannan sinadari da idonsa. Narkewar tasa lokaci take ci, ba a sayenta da ƙarin itace. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce kusan digiri 100 a ma'aunin Salshiyas komai girman wutar. Abin da ƙarin wuta ke yi kawai shi ne ƙone ruwan da wuri, da matse tsokar ta fitar da ruwan jikinta, sai a ƙare da nama mai zare-zare, busasshe, a cikin tukunyar da gindinta ya kama. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

Ga yadda ake bi da karfatar rago ko awaza. A yanka manya-manya, domin ƙanana za su dagargaje kafin jijiyar ta narke. A tsane ruwan jikinsu da tsabtataccen ƙyalle, a barbaɗa gishiri. A ɗora tukunya mai kaurin gindi da ɗan mai, idan ya yi zafi a jera naman kaɗan-kaɗan, kada wani ya hau kan wani, a ƙyale shi ba juyawa har gefen da ke ƙasa ya yi ja-ja ya saki tukunyar da kansa. Wannan jan da ƙamshin da ke biye da shi ba sa samuwa sai zafi ya kai wajen digiri 140, abin da ba zai yiwu ba muddin akwai ruwa kwance a tukunyar. Shi ya sa wanda ya juye naman gaba ɗaya yakan ga ya tsatso ruwa, ya yi fari-fari yana tafasa maimakon soyuwa. Bayan an kwashe naman, a zuba albasa mai yawa a cikin man, a rage wuta, a riƙa kankare abin da ya manne a gindin tukunyar da muciya, don rabin daɗin yana nan. Sai tafarnuwa da citta da masoro da kimba da ɗan kanumfari, da attaruhu gwargwadon bakin mutanen gidan, da daddawa ga mai so. Kanumfari da kimba suna da ƙarfi, kaɗan ya isa. A mai da naman, a zuba ruwan zafi ya kai rabinsa ko ya ɗan ɗara, a rufe. Daga nan wutar da ake so ita ce wadda za a ga ƙwayar tafasa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, murfin ba ya rawa. A kurfoti, wannan yana nufin a janye wasu garwashin, a yayyafa toka a kan sauran. A gas kuwa, a mai da shi can ƙasa.

Naman rago yakan ɗauki sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a irin wannan wuta, ƙafar sa da wutsiya kuwa sukan haura uku. Agogo dai jagora ne kawai. Shaidar nuna ita ce a soka cokali mai yatsu ya shige ba turjiya, tsokar kuma ta ja baya daga bakin ƙashi. Akwai wani mataki a tsakiya da ke karya zuciyar masu koyo: bayan kamar minti arba'in naman yakan fi tauri fiye da lokacin da aka sa shi, sai su ɗauka sun ɓata, su sauke. A daidai nan tsokar ta matse ne, jijiyar kuma ba ta riga ta narke ba, abin da ake bukata shi ne a mai da murfi a ci gaba. Idan ruwa ya ja, a ƙara na zafi. Idan mai ya taso ya yi yawa, a kwashe shi da ludayi a ajiye don wata suyar. Irin wannan girki yakan fi daɗi idan ya huta, har ma washegari, muddin an adana shi yadda ya kamata.

Akwai hanyoyin rage lokaci, amma ba dukansu ne na kirki ba. Tukunyar nan mai kulle tururi tana kai zafi wajen digiri 120, tana gama aikin sa'a uku cikin ƙasa da sa'a ɗaya, kuma ga mai dafa ƙafa da ganda a kan gas, ta cancanci kuɗinta. Naɗe ɗanyen nama a ganyen gwanda na ɗan lokaci yana tausasa shi, domin ganyen yana da sinadarin da ke sassauta tsoka. Kanwa ma tana yi, sai dai idan ta yi yawa tana ɓata launi da ɗanɗano, ta kuma dami ciki. Abin da ba shi da wurin zama a tukunya ko kaɗan shi ne ƙwayar farasitamol da wasu ke jefawa don nama ya nuna da wuri. Magani ne da ke da iyakar sha, wuce iyakar kuma yana lalata hanta, ga shi a tukunya ba wanda ya san rabon da ya faɗa kwanon yaro. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Yankuna masu laushi ba su da dogon bayani. A yanka su a gicciye, wato a datse zaren tsokar maimakon a bi tsawonsa. A gasa a kan garwashin da ya gama ci ya yi ja, harshen wuta kuwa baƙi da ɗaci kawai yake bari, musamman a kan tsiren da aka shafa wa ƙuli, don ƙuli yana saurin ƙonewa. Idan babban yanki ne, a bar shi ya huta 'yan mintoci kafin a sa masa wuƙa, in ba haka ba ruwansa a faranti zai ƙare. Niƙaƙƙen nama da hanta dole su nuna har ciki, ba sauran ja, domin niƙa yana shigar da ƙwayoyin cutar da ke waje zuwa tsakiya.

Kayan ciki su ne ba sa jira. Wajen feɗewa a kula da maɗaciya, don idan ta fashe a kan hanta ɗacin ba ya wankuwa. Hantar da aka ga tana da fararen ƙulli, ko aka tsaga aka ga tsutsa mai faɗi a cikinta, zubarwa ake yi a binne, ba a ba karnuka. Tumbi da hanji suna son wanki mai yawa a wuri daban, nesa da tsoka, da wuƙarsu da mazubinsu. Kai da ƙafa kuma a babbake su da itace ko kara. Babbaka da tsohuwar taya ko roba tana da sauri, amma hayaƙin yana barin guba a fatar da za a ci, kuma kankara ba ta fitar da ita duka.

Adana nama tsohon aiki ne, kuma addini ya ba shi hanya. An san cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku a shekarar da mabukata suka yi yawa, daga baya ya halatta a ci, a ciyar, a kuma ajiye. Don haka rabon maƙwabta da mabukata shi ne na farkon fita, tun naman yana sabo, ba sai ya fara canzawa ba. Abin da ya rage kuma, duk hanyoyin da iyaye suka bi wajen adana shi dabara ɗaya suke bi. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ba sa hayayyafa sai da ruwa.

Soyayyen naman Sallah da ke yin furfura bayan mako guda, ruwa ne aka bari a cikinsa. Ana fara tafasa shi da albasa da gishiri da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, sannan a soya a matsakaiciyar wuta. Kunne yana taimakawa a nan: muddin man yana ƙara yana kumfa, ruwa ne ke fita, idan ƙarar ta lafa naman ya soyu har ciki. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, don tururin da ya taru a murfi zai koma ya jiƙa shi, kuma duk mai ɗiba ya sa busasshen cokali. Dambun nama ya fi wannan neman juriya. Tsoka zalla ake zaɓa, a dafa har ta fara wargajewa, a daka a turmi, sannan a soya da mai kaɗan ana juyawa ba tsayawa har ya yi wasai, ya daina dunƙulewa a hannu. Wanda ya gaji ya sauke da wuri zai sami dambu mai taushi da daɗi a ranar, amma ba zai yi wata ba.

Kilishi sana'a ce ta masu ita, kamar yadda aka sani a Agadasawa cikin Kano da Madawa a Nijar, amma ana iya yin na gida. Ana feɗe tsoka marar kitse ta yi siriri ƙwarai, a shanya a rana ta bushe, a tsoma a labu na tunkuza da yaji da albasa, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna mata wuta. Duk kaurin da aka bari a yanka, danshi ne aka ɓoye. Sai dai kilishi ɗan rani ne. Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, kuma a 2024 da 2025 cikin watan Yuni ta faɗo, lokacin da damina ta kankama a wurare da yawa. A irin wannan lokaci rana ba abin dogaro ba ce, gara a koma ga wuta: banda a kan waya da hayaƙi mai sanyi-sanyi, ko tareni irin na Sakkwato da Nijar, inda ake baje ragon a kan sanduna a kafa shi gefen wuta ya gasu a hankali na tsawon sa'o'i.

Firji ya sauƙaƙa abubuwa, amma a inda lantarki ke zuwa yana ɗaukewa, dogara da shi ido rufe ya jawo asara mai yawa. Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyinsa kamar sa'a 4 bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya kuma tana iya kai kwana biyu, rabin haka idan ba ta cika ba. A ƙulla naman daidai girki ɗaya-ɗaya, don kada a narkar da duka saboda miyar rana guda. Wanda ya narke har ya yi ɗumi, dafa shi ake yi nan take idan bai canza ba, ba a mai da shi ya sake daskarewa. Dafaffe ma yana da nasa haɗarin. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye a zafin ɗaki. Babbar tukunyar farfesu da aka sauke da daddare aka bar ta a rufe takan daɗe da ɗumi a tsakiya, kuma gudawar da ke kama gida guda washegarin biki sau da yawa daga nan take. A rarraba a ƙananan mazubai ya huce da wuri. Inda babu firji, ɗumamen safe da yamma ya zama tafasa ta gaske, har tsakiyar tukunyar.

A 'yan shekarun nan matasa suna ganin yadda ake ɗura niƙaƙƙen nama a hanji a bidiyon YouTube da TikTok, suna sha'awar gwadawa, kuma sha'awar mai kyau ce. Iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Akwai ɗanye, kamar margez na Aljeriya da Tunisiya da Maroko, wanda ake yi da naman rago ko na sa da barkono, a ɗura a hanjin rago, a gasa a ci. Wannan ana iya yinsa a kowane gida, in dai naman da kitsen suna da sanyi lokacin niƙa, hanjin ya wanku sosai, an kuma gasa shi ya nuna a ranar ko washegari daga firji. Akwai kuma wanda ake ratayewa ya bushe na makonni, kamar sujuk na Turkiyya da salami na Italiya. Masu yin wannan suna auna gishiri da sikeli, kusan kashi 3 cikin 100 na nauyin naman, suna ƙara wani gishiri na musamman mai sinadarin naitirait, suna kuma rataye shi a ɗaki mai sanyin digiri 12 zuwa 15 da danshi daidai gwargwado. Dalilin wannan tsanani shi ne cikin hanjin da aka ɗure babu iska, kuma akwai ƙwayar cutar da ta fi son irin wannan wuri, mai fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi har ya tsai da numfashi. Wani likitan Jamus, Justinus Kerner, ya yi bayanin wannan guba tun wajen 1820 bayan mutane da dama sun mutu a kudancin ƙasar sakamakon cin irin wannan nama, sannan a 1895 Emile van Ermengem ya gano ƙwayar kanta a Beljiyam. Dafin ba lallai ya canza wari ko ɗanɗano ba, don haka hanci ba ya kare mai ci. Ɗakin girkin da zafinsa ke haura digiri 30 a yawancin shekara ba wurin wannan aiki ba ne. Matashin da ba shi da sikeli da gishirin da ya dace da wurin sanyi mai tsayayyen lantarki, ya tsaya ga ɗanyen da ake gasawa a ci, idan kuma ajiya yake nema, kilishi da dambu da banda sun dace da yanayin da yake ciki.